HAWAINIYA DA MUNAFUKI: ME ZA MU CE WA YARANMU?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, tambayar wani yaro ce ta jawo wannan rubutu. Ran nan, cikin kwanakin da hatsi ke fitar da kai, muna zaune gindin dogon yaro a ƙofar masallaci nan Kona bayan sallar la'asar, sai muka ji sowar yara ta bayan darni. Ashe wata hawainiya ce ta sauko daga kalgo za ta ƙetare hanya, suka kewaye ta, wani da kara, wani da hoge. Wani dattijo daga cikinmu ya tsawata musu. Sai babbansu, wanda bai wuce shekara tara ba, ya durƙusa ya ce: "Baba, ai munafuka ce. Malam ya ce munafuki hawainiya ne, kuma munafukai 'yan wuta ne. In ba ta da laifi, don me take ɓuya?"

Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi tsawo ba. Domin kuwa yaron bai ƙagi kome ba. Magana biyu ya ji daga bakinmu ya haɗa su, ya fitar da hukunci, ya tashi zai zartar da shi. Mu ne muke cewa wane ya fi hawainiya sauya launi idan ya kwana a wannan jam'iyya ya wayi gari a waccan. Mu ne muke ja wa abokin husuma kunne da cewa hawainiyarsa ta kiyayi ramarmu. Mu ne kuma muka bar camfi yana yawo, wai tana da dafi, alhali ba ta da shi. To tambayar da ta rage a wuyanmu ita ce: shin duk ɓuya yaudara ce? In ba haka ba, ina iyakar da ke tsakanin sutura da ha'inci, kuma ta yaya za a nuna wa yaro wannan iyaka da idonsa?

Mu fara da wanke wadda aka yi wa ƙazafi. Masana halittu sun daɗe da lura cewa launin hawainiya na asali, wato kore-kore ko ƙasa-ƙasa, shi ne ke ɓoye ta cikin ganye, tare da tafiyar nan tata ta rangaji mai kama da ganyen da iska ke kaɗawa. Amma sauyin launin da muke zarginta da shi, yawancinsa ba don ɓuya take yi ba. Da sanyin safiya takan yi duhu don jikinta ya sha zafin rana. Da dare, tana barci a kan reshe, takan yi fari-fari. In ta tsorata ko ta fusata sai ta yi baƙi-baƙi ta kumbura. Namiji kuma yakan ƙara haske idan ya ga abokin gaba ko yana neman mace. A shekarar 2015 wasu masana na Jami'ar Janeba a ƙasar Suwizalan suka bayyana yadda abin ke faruwa a jikin wani jinsin hawainiya na tsibirin Madagaska: a cikin fatarta akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu sheƙi jere a sahu, idan ta natsu sai su matsu ta fito kore, idan hankalinta ya tashi sai tazararsu ta buɗe ta koma rawaya ko ja. Ku duba wannan al'amari da kyau, ya 'yan'uwa. Munafuki yana sauya fuska ne don kada a san abin da ke zuciyarsa, ita kuwa wannan baiwar Allah abin da ke cikinta ne ke fitowa a fatarta, ba ta da ikon ɓoye fushinta. Da za a yi adalci, da ita aka riƙa buga misalin mai faɗin gaskiya. Shi Manzon Allah (S.A.W.) da ya tashi kwatanta munafuki da dabba, a hadisin da Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar, da tunkiya ya kwatanta shi, wadda ke kai da komowa tsakanin garke biyu ba ta tsaya a ɗaya ba. Aibin da aka nuna a nan shi ne rashin matsaya, launi bai shigo ciki ba.

Wani zai ce, me ya haɗa mujallar addini da ƙwari da ƙadangaru? Amsa ita ce, Littafin da muke karantawa a kowace salla yana da surori masu sunan saniya, da dabbobin ni'ima, da zuma, da tururuwa, da gizo-gizo, da giwa, kuma a cikin Suratul Gashiya raƙumi aka fara umartar mutum ya duba kafin sama da duwatsu da ƙasa. Magabata sun ɗauki wannan umarni da gaske. Al-Jahiz, mutumin Basra da ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya wallafa Kitabul Hayawan cikin mujalladi bakwai. Ad-Damiri na Masar, wanda ya rasu a 808, malamin fiƙihu ne, amma ya zauna ya jera dabbobi bisa haruffa a cikin Hayatul Hayawan, yana faɗin ɗabi'ar kowace da hukuncinta. Babu wanda ya ce sun ɓata lokaci. Mu kuwa yau, yaro yakan haddace sunayen waɗannan surori a makarantar allo, ya je lakwal a nuna masa hoton dabbar ƙanƙara wadda ba zai taɓa gani ba, ya dawo gida ya duƙufa kan wayar yayansa, amma bai san bambancin sawun zomo da na kurege ba.

Ga shi kuwa makarantar tana bayan gidanmu, ba a biyan ko dala. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda gonakin nan suka koma fayau, iska na kwasar rairayi tana binne shuka. Daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka soma barin tohon itace a gona suna gyara shi maimakon sarewa, abin da ake kira sassaben zamani. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yayata wannan dabara, Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostireliya, a 1983 ya lura cewa abin da kowa ke ɗauka ciyayi ne marasa amfani, ashe kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Dajin yana nan a ɓoye, ido ne bai koyi ganinsa ba. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa kimanin eka-eka da ta kai hekta miliyan 5 ta sake yin itace a kudancin Nijar. Yau daga Tasawa zuwa Mayayi ga gawo, ga kalgo, ga sabara, ga aduwa, ga goriba da kaba a kwarin Gulbin Kaba, kuma inda itace ya dawo ƙananan halittu sukan sami wurin zama.

Sai uba ya kama hannun ɗansa su shiga, ya ce masa: tsaya nan, kada ka motsa, gaya mini abu nawa mai rai kake gani. Zai ce babu kome. A bar shi ya ƙara tsayawa. Can sai ya hango fara mai launin ƙasa a kan kunya, da wata koriya a kan ganyen wake. Can sai abin da ya ɗauka tsinke ne ya ɗaga hannu, ashe ƙoƙi-ƙoƙi ce. In an yi sa'a a nuna masa yautai, tsuntsun da ba ya saƙa sheƙa, sai dai ya ajiye ƙwansa a kan ƙasa ya kwanta a kai, launinsa da na busasshen ganye ɗaya, har mutum ya kusa taka shi bai gan shi ba. A nuna masa yadda 'ya'yan fakara ke lafewa su daskare da zarar inuwar shaho ta gilma. Yaron da ya yi wannan tsayuwa ya koyi natsuwa, ya kuma koyi cewa "ban gani ba" daban take da "babu". Wannan darasi kuwa zai yi masa amfani ranar da wani ya zo masa da shubuha a kan gaibu, ya kuma yi masa amfani ranar da za a nemi shaidarsa.

Akwai kuma batun rai. Kasa takan kwanta a hanya cikin ganye ba ta motsi, zanen bayanta ya saje da ƙasa. Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, 'yar ƙarama ce mai launin rairayi, kuma sararta takan hana jini daskarewa. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, kuma ƙiyasinta shi ne mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa da shi kowace shekara a duniya. Su waye ke cikin haɗari a nan? Yaranmu ne masu kiwo, da masu ɗebo itace, da masu tura hannu ƙarƙashin dami lokacin kaka. A koya musu su fara taɓa tarin kara da sanda, su saurari shuu-shuu ɗin da kububuwa ke yi in ta goga jikinta, kada su fita da dare babu fitila da takalmi. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga ba ɗauri, a ɗauki yaro a kai shi asibiti da gaggawa. Tawakkali bai hana wannan ba, shi ne ma ya hukunta shi.

To mu koma ga tambayar yaron. Amsa mafi sauƙi ita ce a ce masa dabba ba ta da takalifi, ba a rubuta mata lada ko zunubi, abin da aka kimsa mata take bi. Wannan gaskiya ne, amma bai isa ba, domin yaro ba hukuncin hawainiya kaɗai yake nema ba, yana auna nasa ɓuyan ne da nata. Amsa ta biyu da mutane suka fi so ita ce: dabba tana ɓuya ne don ta tsira, munafuki kuwa don ya cutar. Wannan ta fi daɗin faɗi a wa'azi, sai dai yaro mai ido zai rushe ta cikin yini ɗaya. Zai ce, to kasa fa? Ai kwanton ɓauna take yi wa ɓera. Ita hawainiyar ma ai lafewa take yi har fara ta matso, ta harbo harshen nan nata da ya fi jikinta tsawo ta cafke. Zai kuma tuna mana da maharbanmu na da, waɗanda kan ɗaura kan burtu a goshi su duƙa suna kwaikwayon tafiyarsa har su kusanci barewa, kuma babu malamin da ya haramta naman. Kada mu ba yara amsar da gona za ta ƙaryata, domin ranar da suka gane mun yi musu kwaskwarima a ƙaramin abu, za su yi shakkar mu a babba.

Abin da muke gani shi ne, iyakar tana wajen amana. Barewa ba ta taɓa ba maharbi amana ba, fara ba ta ƙulla alkawari da hawainiya ba. Amma wanda ya tsaya gabanka a kasuwar Tasawa ya ce auna mini tiya biyar, ya ba ka amanar idonsa. Wanda ya tambaye ka halin mai neman 'yarsa ya ba ka amanar kunnensa. Shari'a ta halatta dabara a fagen yaƙi, amma ta haramta warware alkawari ko da da abokin gaba ne, kuma hikimar ke nan. Ɓoyewa tana zama zunubi ne a lokacin da ka hana mutum sanin abin da yake da haƙƙin sani, bayan ya saki jiki da kai.

Suratu Yusuf ta tara mana fuska biyun a wuri guda. A farkonta Annabi Yakubu (A.S.) ya umarci ƙaramin ɗansa da ya ɓoye mafarkinsa ga 'yan'uwansa. Annabi ne da kansa ke koya wa yaro ɓuya, domin su 'yan'uwan ba su da haƙƙi a kan mafarkin, kuma saninsa zai tayar musu da hassada. Ba a yi nisa ba sai ga su sun dawo da dare suna kuka, da riga mai jinin ƙarya, ga uban da ya danƙa musu ɗansa amana. Ku lura kuma a kan wa suka ɗora laifin: kyarkeci, dabbar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ashe ɗora wa dabba laifin ɗan Adam tsohuwar sana'a ce. Haka nan a Hijira, Manzon Allah (S.A.W.) da Sayyidina Abubakar (R.A.) sun yi kwana uku a kogon Sauru, sun nufi kudu alhali Madina na arewa, don su ɓatar da masu neman jininsu. Addini ya yabi mai ɓoye sadakarsa, da mai rufa asirin ɗan'uwansa, da matalaucin da kamun kansa ke sa a zaci mawadaci ne. A ɗaya gefen kuma ga hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, inda Annabi (S.A.W.) ya tura hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya kuma barranta daga mai algus. Ɗan kasuwar nan bai furta ƙarya ko ɗaya ba. Tsara kayan kawai ya yi.

A nan ne maganar ta dawo cikin gidajenmu, kuma ba za ta yi daɗin ji ba. Yarinyar da aka ɗora wa talla aka ce ta sa manyan ƙuli-ƙuli a sama, ƙanana a ƙasa, wa ya koya mata? Yaron da ya ga ana zuba tsohon wake mai ƙwari a gindin buhu a rufe da sabo, ko ana ɗura wa rago ruwa da gishiri daren kasuwa, me zai fahimta in an karanta masa alamomin munafuki? Mai bin bashi ya yi sallama, uba yana kwance a ɗaki ya ce da ɗansa, "Je ka ce ba na nan." Da dare kuma kaka ta yi musu tatsuniyar Gizo, wanda kullum da wayo yake cin na mutane, a yi ta dariya. Ba mu ce a bar tatsuniya ba, gadonmu ce, kuma sau da yawa asirin Gizo kan tonu a ƙarshe. Amma ya kamata mai ba da ita ta tsaya ta tambayi yara: wa ya yarda da Gizo a nan, kuma me ya same shi? Abin lura ma, matar Gizo a tatsuniya sunanta Ƙoƙi, wato ƙwaron nan mai sajewa da ganye. Magabatanmu sun kalli daji da kyau kafin su yi magana.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan nauyi. Sau da yawa halitta tana ɓuya ne saboda akwai mai cin ta. Idan muka ga yaro yana da fuska biyu, ɗaya ta gaban mahaifinsa ɗaya ta bayan gari, kafin mu kira shi hawainiya mu tambayi kanmu wane ne shahon da ke shawagi a gidan. Yaron da in ya fasa ƙwarya ya faɗi gaskiya aka yi masa dukan kawo wuƙa, ɗan'uwansa kuma ya ɓoye tasa ya tsira, an gama koya masa darasi, kuma ba zai manta ba. Haka abin yake a wasu makarantunmu inda dorina ta fi bayani yawa. Anas bn Malik (R.A.) ya yi shekara goma yana yi wa Annabi (S.A.W.) hidima tun yana yaro, ya kuma ba da shaida cewa bai taɓa yi masa tsaki ko ya zarge shi a kan abin da ya yi ko ya bari ba. Ƙanensa Abu Umair yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, Manzon Allah ya gan shi cikin damuwa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Yaron da ya tashi a irin wannan inuwa, me zai sa ya koyi sauya launi?

Farar dango ma tana da abin faɗi a nan. Waɗanda suka ga mamayarta a 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005, wadda ta fi tsanani a wannan jiha tamu, ba sa buƙatar a kwatanta musu ita. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, irin wannan fara in tana ita kaɗai launinta kore ne ko ƙasa-ƙasa, tana gudun 'yan'uwanta, ba ta da wata ɓarna. Sai cunkoso ya haɗa su suna gogar juna, launinsu ya juya, 'ya'yan su zama baƙi da rawaya, ɗabi'arsu ta sauya su zama runduna. Har sai a 1921 ne wani masani ɗan Rasha, Boris Uvarov, ya nuna cewa abin da ake ɗauka jinsi biyu ne na fara ashe ɗaya ne mai hali biyu. Yaran nan na bayan darni, ɗai-ɗai ɗinsu babu wanda zai iya kallon hawainiya ido da ido ya kwaɗa mata hoge. Taro ne ya juya su.

Game da jifar kuwa, hukuncinta a fili yake. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibn Umar (R.A.) ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka gan shi suka watse, ya shaida musu cewa Annabi (S.A.W.) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Maciji da kunama masu cutarwa suna da nasu hukunci, tsaka ma akwai hadisi a kanta, wannan magana ce daban da malamai suka yi bayaninta, kuma ko abin da aka halatta kashewa an umarce mu da kyautata kisan ba tare da azabtarwa ba. Ita wannan kuwa fara da ƙuda take ci, wato ma'aikaciyar manomi ce da ba ta karɓar lada.

Dattijon nan bai yi wa yaran dogon wa'azi ba. Karan da ke hannun babbansu ya karɓa, ya miƙa shi a hankali gaban hawainiyar, wadda a lokacin ta yi baƙi ƙirin ta wangame baki. Ta daɗe tana jujjuya idanunta, ɗaya na kallonsa ɗaya na kallon yaran, sannan ta kama karan. Ya ba yaron ya ce ya mayar da ita kan kalgon da ta fito, su kuma ja da baya taki goma su zauna, kada wanda ya yi magana. Suka zauna. Kafin ladan ya kira magariba baƙin ya washe, kore ya dawo, har suka soma gardama a kan wane reshe take. Ƙaraminsu ne ya fara gano ta, ta wajen wutsiyar da ta naɗe.